Ita kaɗai ta riƙe fim ɗin

Wani fim na Turawa na kalla, kuma talaucinsa a fili yake. Wurare uku aka yi ta zagayawa: wani tsohon gida, garejin kanikawa da mashaya. Jinin da ake zubawa sai ka ce zoɓo. Wasu fitowar da rana aka ɗauke su aka rina hoton da shuɗi don ya zama dare, ga inuwar mutane kuwa raɗau a ƙasa. Amma jarumar ta hana ni tashi daga tabarma, duk da zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40, ga ba wuta.

Labarin gajere ne. Wasu maza sun kashe ƙanwarta, ita ma suka yar da ita suna zaton ta cika, sai ta tashi ta zama mai shan jini, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Tatsuniyar masu shan jini ta gabashin Turai ce, kuma tun da marubuci Bram Stoker ya fitar da littafinsa Dracula a 1897 aka saba ganin mai shan jini namiji ne mai dukiya, mata kuwa abin farautarsa. A nan mace ce, talaka, kuma ba ta jin daɗin abin da ta zama.

Wannan rashin jin daɗin shi ne ta iya nunawa. Da yake babu kuɗin siddabarun kwamfuta, dole kyamara ta tsaya a kan fuskarta ta daɗe, ita kuwa ba ta tsorata da hakan ba. Bayan ta kashe na farko ba ta yi ihu ba, ba ta yi murmushin mugunta ba. Famfo ta nufa tana wanke baki, hannunta na rawa, ta wanke ta sake wankewa. Kafin ta kai kan na uku rawar hannun ta daina, tafiyarta ta yi nauyi, ƙifta ido ma ta rage. Babu wanda ya faɗa mana cewa imaninta na zurarewa, a jikinta muka karanta. Ƙanwata da muke kallo tare cewa ta yi, "Yaya, wagga ɗiya tausai nika ji nata, ba tsoro ba." Ni ma haka.

Abin da ya sosa min rai shi ne fassarar Hausa da aka ɗora. Duk inda ta yi shiru, mai fassara sai ya cike wurin da surutu da barkwanci, har a inda take shinshina rigar ƙanwarta. Aikin da yarinyar ta sha wahala a kai ya tattake shi. Na je shagon 'yan turin fim a nan Mabera na ce a samo min wanda ba a taɓa ba. Yaron ya ce, "Hajiya, ba mai biɗar wanga, amma ki dawo Jumma'a." Na ba shi memori na, na biya kuɗin tun kafin ya samo.