Lasifikar laftof ta yi shiru amma iyafis na aiki: ramin ne, ba lasifikar ba

Da zarar hunturu ya kama a Katsina, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan matsala takan yawaita, musamman a kwamfutocin ɗalibai da ake yawo da su cikin jaka daga Batagarawa zuwa cikin gari. Ka sa iyafis, sauti na fita sarai. Ka zare shi, lasifika ta yi tsit. Mutane da yawa sai su garzaya a sake musu Windows ko a canza lasifika, su yi asarar kuɗi da fayiloli, alhali abin da ya lalace bai kai ƙwayar shinkafa girma ba.

Ramin iyafis mai faɗin milimita 3.5 yana da wani siririn ƙarfe a ciki mai kama da harshe. Idan bakin iyafis ya shiga, yakan ture ƙarfen, shi kuma ya sanar da ƙwayar sauti da ke kan bod, wato babban allon lantarkin cikin kwamfuta, wadda galibi ta kamfanin Realtek ce, cewa a kashe lasifika a mayar da sauti kunne. Idan ka zare, ƙarfen ya kamata ya koma mazauninsa. To ƙura kan haɗu da zaren aljihu da gumi ta daskare a bayansa, ko kuma ya lanƙwashe saboda an fizge waya ta gefe. Daga nan kwamfuta na ganin har yanzu iyafis na ciki.

Tabbatar da haka ba ya cin minti biyu. Zare komai daga ramin, ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna Enter, tagar saitin sauti za ta buɗe. Idan ka ga Headphones a matsayin abin da ke haɗe ba tare da komai a ciki ba, ka kama ɓarawon. Ka duba kuma ko sautin bai gudu zuwa wata lasifikar Bluetooth ko talabijin da aka taɓa haɗawa ta HDMI ba, domin wannan ma na faruwa. A injinan HP, danna Esc sannan F2 lokacin kunnawa na kai ka gwajin kayan ciki, kuma akwai gwajin sauti a can. Idan lasifika ta yi ƙara a wannan gwajin da ba ya bi ta Windows, lafiyarta lau.

Gyaran farko shi ne ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka cire caja. Ka samu iyafis mai miƙaƙƙen baki, ka sa ka zare a hankali sau goma zuwa goma sha biyar, kana ɗan juya shi. Sau da yawa wannan kaɗai na sakin ƙarfen. In bai yi ba, ka karkatar da ramin ya kalli ƙasa, ka hura da ɗan famfon iska na roba. Kada ka hura da baki, danshin numfashi na kawo tsatsa. Sai ka naɗa auduga kaɗan a kan tsinken sakace, ka ɗiga mata isofurofil, wato sifirit ɗin goge kayan lantarki, mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko sama, ɗigo ɗaya ko biyu, ka juya a ciki. Ka bar shi minti goma ya bushe kafin ka kunna.

A nan ne mutane ke ɓata abin da hannunsu. Allura ko fil na ƙarfe na karce ƙarfunan ciki, ya mayar da matsalar ƙura ta zama karyewa. Fetur da man keke ba su da wurin zama a wannan rami. Sifirit ɗin kemis ma ba na so, wani ruwansa ya yi yawa. Idan kuma bakin tsohon iyafis ne ya karye a ciki, ka haska da tocilar waya za ka gan shi yana sheƙi. Don Allah kada a ɗiga masa sufagulu da niyyar jawo shi, gam ɗin zai malala ya liƙe komai har abada. A kai wa mai gyara ya turo shi ta baya ko ya ciro da siririn hantsaki.

Idan shara ba ta yi ba, akwai dabara ta manhaja. Wasu injinan suna da zaɓin kashe gane shigar iyafis a cikin manhajar saita sauti ta Realtek Audio Console, ko na raba lasifika da iyafis su zama na'ura biyu, sai ka zaɓi Speakers da kanka. Ba kowane inji ke da shi ba. Masu amfani da Ubuntu a maimakon Windows su buɗe manhajar saita sauti ta alsamixer su mayar da Auto-Mute Mode zuwa Disabled.

Abu na ƙarshe shi ne canza ramin. Ka tambayi mai gyara ko ramin na kan ƙaramin bod ne na daban, wanda fileks, wato siririyar shimfiɗaɗɗiyar waya, ke haɗa shi da babban bod. Idan haka ne, kwance sukurori ne a canza ƙaramin bod ɗin da mai lambar da ta yi daidai. Idan kuwa a liƙe yake da dalma a kan babban bod, aikin na mai hannu ne, kuma sai an cire filogin batir na ciki kafin a kusanto da zafi. Ka tsaya a gwada lasifika da iyafis da makirufo a gabanka kafin a rufe bayan injin.