Talata: ni da Umma da takardar haihuwar Auta

Yau ban buɗe shago ba. Masu ɗinkin da na yi wa alkawarin yau ku yi haƙuri, Alhamis in sha Allahu. Tun jiya da daddare Umma ta bugo ta ce in shirya mu raka Auta sakatariya, maganar fasfonsa. Kun dai san zancen Umarar da Umma za ta je, tun bara ake abu ɗaya, kuma shi ne zai raka ta tunda Yaya Babba ba zai samu hutu a wurin aiki ba.

Da fara'armu muka fita. Umma ta yafa sabon mayafinta ruwan toka, ta sha turare, Auta yana ta tsokanarta wai ko ciyaman za ta gani. Ta ce ko shi ta gani ai ɗan cikinta ne. Har mai adaidaita sai da ya yi dariya.

Abin da ya kai mu shi ne, da Auta ya je cika fom ɗin fasfo, cikin abubuwan da hukumar shige da fice take nema akwai takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Duk wanda aka haifa daga Disamban 1992 zuwa yau ita ake tambayarsa. Shi kuwa bai taɓa mallakarta ba. A gida aka haife shi, ungozoma ce ta karɓi haihuwar, katin rigakafinsa kuma yana cikin kwalin takardun da ruwa ya cinye a tsohon gida.

Ga mai shirin zuwa, a sakatariya ofis biyu ne mutane suke haɗawa. Akwai inda ake ba da takardar shaidar cewa kai ɗan asalin ƙaramar hukumar ne, wadda kowa ya fi sani da indijin. Wannan ta ƙaramar hukuma ce. Takardar haihuwa kuwa ma'aikacin Hukumar Ƙidaya ne yake ba da ita, ɗaki kawai suke da shi a cikin sakatariyar. Katin da asibiti yake ba mai jego shi ma ba takardar haihuwa ba ne, shaida ce dai da za ki nuna in kin je yin rajistar. Mun tarar da wata baiwar Allah a bakin ƙofa da irin wannan katin ta rufe shi da roba tsaf, tana ta musu wai ita tata takardar tana hannu.

Ɗakin ɗan ƙarami ne. Benci ɗaya, mata uku da goyo, fanka tana juyi ba iska. Ma'aikacin yaro ne matashi, ba zai wuce sa'an Auta ba, kuma ba ruwansa da ɗaga murya. Ya tashi ya ba Umma kujerarsa ta roba. Ya yi mana bayani dalla-dalla: dokar rajistar haihuwa ta tilas tun 1992 take, so ake a yi wa jariri cikin kwana 60 na farko, kuma ba a biyan ko kwabo. Haka na yi wa 'yata Ummi ranar rigakafi a asibitin unguwarmu, lambar NIN ɗina, wato ta katin ɗan ƙasa, da ta babanta kawai aka tambaya. Yaron da bai kai 18 ba har yanzu ana iya yi masa takardar haihuwa ko da an makara. Amma wanda ya haura 18 wata takardar ake ba shi a madadinta, atesteshan suke ce mata. Kafin a ba ka sai ka je kotu an yi takardar rantsuwar shekaru, ka haɗo da NIN da hoton fasfo, a cika ta intanet, ka biya kuɗin da aka yanka. Kuma yawanci wanda ya girme ka, ya san haihuwarka, shi ake so ya yi rantsuwar. Uwa, uba, kawu, yaya.

Umma ta ce to ai ga ta, wa ya fi ta sanin haihuwarsa.

Sai yaron ya karɓi takardar NIN ɗin Auta ya duba, ya karanta a fili: ɗaya ga Janairu, 2001.

Umma ba ta karanta boko, amma kunnenta ras yake. Ta ce, "Ɗana, wace shekara ka ce?"

Ya maimaita.

Ta juya ta kalli Auta. Shi kuma ya kalli fanka.

Ta ce, "A'a. Wannan yaron da azumi na haife shi, daren goma ga wata, ana tsananin sanyi. Abacha ya rasu ina da ƙaramin cikinsa, ina kwance ina fama da laulayi na ji a rediyo. Da aka yi zaɓen ciyamomi ban fita ba, ƙafafuna sun kumbura ko takalmi ba ya shiga. Zaɓen gwamna kuwa ina cikin wankan jego."

Ina tsaye na ciro waya na duba, ba don ina shakkarta ba. Abacha ya rasu 8 ga Yuni, 1998. Zaɓen ƙananan hukumomi 5 ga Disamba, lokacin Abdulsalami. Azumin shekarar ya kama ne wajen 20 ga Disamba. Zaɓen gwamnoni 9 ga Janairu, 1999. Komai ya zauna daram inda ta ajiye shi. Ƙarshen Disamban 1998 ke nan, shekara biyu da 'yan kwanaki kafin abin da takarda ta ce.

Ni ma ai ina tune da daren. Ina 'yar shekara tara. An tashe mu sahur muka tarar gidan a hargitse, Goggo tana ta hura wuta a murhu da ƙatuwar tukunyar ruwa, hayaƙi ya cika tsakar gida saboda itacen ɗanye ne. Ɗumamen tuwon ya kama ba wanda ya kula, haka muka ci shi da ƙauri. Can muka ji kuka. Baba ya shiga, ya fito yana murmushi yana cewa namiji ne, ya raba mana dabino bibbiyu alhali an kusa kiran assalatu.

Baban ne kuma ya rage shekarun. Duk mun sani, ba a dai taɓa faɗa a gaban Umma ba. Lokacin da Auta zai yi rajistar jarrabawar gama sakandare Baba ya sa aka rubuta 2001. Shi ma'aikacin gwamnati ne, ya san in ka kai 60 ko ka yi shekara 35 kana aiki sai ritaya, ya san wanda ya wuce 30 kafin ya gama jami'a ba ya zuwa bautar ƙasa, ya ga tallan ɗaukar aiki iri-iri da ake cewa kada mai nema ya haura shekara kaza. Cewa yake yi a ƙasar nan in ba ka yi wa ɗanka ragi ba, yajin aiki zai yi masa ƙari. Kuma abin da ya hango ya faru, yajin aikin jami'o'i na 2020 da na 2022 sun ci wa Auta fiye da shekara guda yana zaune a gida. Daga takardar sakandare kwanan watan ya bi ya shiga ta jami'a, ya shiga NIN, ya shiga BVN na banki, ya shiga takardar bautar ƙasa.

Ɗaya ga Janairun ma abin dariya ne. Ku duba Facebook ranar sabuwar shekara ku ga yawan 'yan unguwarku da aka haifa rana ɗaya.

Yaron ofishin bai matsa mana ba, na yaba masa da wannan. Ya ce, "Mama, ni ba zan ce ku yi kaza ba. Abin da na sani, kwanan watan da ke jikin takardar kotu da wanda ke jikin NIN dole su zo ɗaya, in ba haka ba aikin ba zai wuce ba, a wurin fasfo ma za a dawo da shi. In gaskiyar kuke so a rubuta, sai ya fara zuwa hukumar katin ɗan ƙasa ya nemi gyaran ranar haihuwa. Akwai kuɗi, akwai jira. In an gyara kuma takardun makarantarsa suna nan da tsohon kwanan wata, duk inda ya je neman aiki sai ya yi bayani."

Muka yi godiya muka fito. A gindin darbejiyar da ke bakin get aka yi ta.

Auta ya ce, "Umma, don Allah ki fahimta. Ba fa Alƙur'ani za a ɗora miki ba. Masu buga takardu suna nan a bakin kotun, su buga, ki dangwala, a buga hatimi, shi ke nan. Kowa haka yake yi."

Ta ce, "In dangwala da yatsan wa?"

Ya yi shiru.

"Da nawa ko? Shi yatsan ba zai yi magana ba ranar da za a rufe baki? Takardar me aka ce sunanta? Ba ta rantsuwa ba? To ko an ɗora Alƙur'ani ko ba a ɗora ba, cewa zan yi na shaida, alhali abin da na shaida daban. Shaidar zur ke nan, ko a Islamiyya an faɗa mana tana cikin manyan zunubai. Kuma don me? Don in je ɗakin Allah. In tsaya gaban Ka'aba da kai a gefena, fasfon da ke aljihunka da rantsuwar ƙaryata aka yi shi."

Auta ya ce to ai Baba ne ya fara, ba shi ya zaɓa ba. Nan gabana ya faɗi, don tun rasuwar ba wanda yake kawo sunan Baba cikin gardama. Na ɗauka za ta yi kuka. Gyara mayafi kawai ta yi.

Ta ce, "Malam ya yi abin da ya ga shi ne alheri gare ka, Allah ya jiƙansa. Ban sani ba, da na sani ma ba zan iya hana shi ba. Amma shi rubutawa ya sa aka yi, bai rantse ba. Ni rantsuwa ake nema a wurina."

Ban sani ba ko malamai za su yarda da wannan rabe-raben nata. Na dai ga da shi ta kare mijinta ta kuma kare kanta a numfashi ɗaya, kuma ba mai iya ɗaga ta daga kai.

Tausayin Auta nake ji, kada ku ɗauka ina ganin laifinsa. Yaron nan yana aji shida na sakandare aka ba shi ranar haihuwa, ya ɗauka ya yi ta amfani da ita. Duk abin da ya mallaka a duniya yana rataye da ita. Yanzu yana ta aika takardun neman aiki, shekara biyun nan su ne tsakaninsa da wuraren da za su ce ya tsufa. A ce ya kwance duk wannan saboda takarda guda, ba ƙaramin abu ake nema a wurinsa ba.

Sai ya juyo wurina. Dama tun a ofis na san nan za a zo.

"Yaya, ke fa? Ai ya ce ko yaya ma tana iya yi."

Umma ba ta kalle ni ba. Titi take kallo, kamar mai jiran adaidaita. Ba ta ce yi ba, ba ta ce kar ki yi ba, kuma wannan shirun ya fi mini nauyi a kan da ta yi magana. Da ban san komai ba da sauƙi, in ce abin da na gani a takarda na bi. To ni na ci ɗumamen nan mai ƙauri.

Na ce masa bari in yi tunani. Ya ce kujerun Umarar azumi ba sa jiran mai tunani. Da gaskiyarsa.

A hanyar dawowa ba wanda ya tsokani wani. Umma ta sa aka tsaya ta sayi lemo da ayaba ta miƙa wa Auta ledar, ya karɓa bai ce komai ba.

Sauran ranar dai ga ta nan. Ba wuta tun azahar. Ummi ta dawo daga makaranta da takalmi ƙafa ɗaya. Gas ya ƙare ana tsakiyar dafa wake, sai a gawayi na ƙarasa. Baban Ummi da na ba shi labari ya ce shi a ganinsa Auta ya je da kansa ya yi rantsuwar tunda baligi ne, wasu kotunan suna karɓa, kowa ya ɗauki kayansa. Na ce to shi Autan ba yatsa gare shi ba? Ya ce in zuba masa abinci.

Bayan isha na ɗauko takardar Ummi daga cikin akwati na sake dubawa, alhali na san abin da ke ciki. Ranarta ce ta gaskiya. Masu jarirai, don Allah ku yi musu tun ana zuwa rigakafi, ku kuma tsaya a kan ma'aikacin ku ga abin da ya rubuta kafin ku tashi.

Gobe Auta zai je ofishin katin ɗan ƙasa ya tambayo nawa ne gyaran kuma wata nawa yake ɗauka. Ya ce tambaya kawai zai yi, kada in sa rai. Ni ma ban ba shi tawa amsar ba.

Ɗazu kuma Yaya Babba ya turo saƙon murya a zauren gidanmu na WhatsApp, minti huɗu cur. Wai a bi a hankali da maganar nan, kada a je ana tone-tone, a lallaɓa Umma. Sai can ƙarshe ya faɗi abin da ke cinsa: nasa ragin shekara uku ne, kuma da shi aka lissafa masa ranar ritaya. Ya ce kada wanda ya kunna wa Umma saƙon.