Yau Mama ta riƙe lamba bakwai

Yau kwana 19 kenan da Mama ta fara atisayen ƙwaƙwalwar nan a kwamfutata, minti 20 kullum da safe. Lafiyarta ƙalau fa, shekararta 68, likita ma ya duba ya ce babu komai, kawai dai tunda yayarta ta fara rikicewa har ta daina gane 'ya'yanta, Mama ko makulli ta manta inda ta ajiye sai ki ga jikinta ya yi sanyi.

Wasan ba wani abu mai wuya ba ne, lambobi ke fitowa ɗaya bayan ɗaya su ɓace sai ta danna su yadda suka zo, wani lokacin kuma daga ƙarshe zuwa farko. Ranar farko huɗu kawai take riƙewa hannunta har rawa yake. Yau bakwai! Ina ɗaki na ji tana ƙwala min kira "ke zo ki gani", wallahi rabon da in ga fuskarta haka an jima.

Sai da rana ta jefo min tambayar da nake gudu, wai wannan abin zai hana ta zama kamar Yaya? Ban iya mata ƙarya ba. Na gaya mata abinda na karanta, a binciken ACTIVE na Amurka tsofaffi 2,832 aka ɗauka yawancinsu mata, aka yi musu zama 10, bayan shekara 10 waɗanda aka horar kan saurin gane abu da warware matsala suna nan da ribarsu amma ta ɓangaren tuna abu ta dushe. A 2010 kuma a Birtaniya mutum 11,430 suka yi sati 6 suna irin wasannin nan, sun ƙware a wasan sosai amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu abubuwan ba. Wanda ya fi kwantar min da hankali na Finland ne, FINGER, su haɗa atisayen ƙwaƙwalwa suka yi da motsa jiki da gyaran abinci da lura da hawan jini har shekara 2, aka ga bambanci.

Ta daɗe shiru. Can ta ce to gobe mu fara da tattaki kafin kwamfutar, kuma in rubuta mata lambar wayata a takarda, so take ta haddace ta da ka ko da wata rana wayarta ba ta kusa. Na rubuta mata uku-uku don ta fi zama.