Shekarar da ke jikin kwabo ba ita ce shekarar hoto ba

Sana'ata gyaran tsofaffin hotuna ce, mu uku ne a wajen aikin, ni da yara biyu da nake koya wa, amma a hankali aikin ya karkata ɓangare guda, wato hotunan kuɗin da. Kwastomomi ne suka ja ni. Akwai masu tara tsofaffin kuɗi, akwai masu rubuta tarihi da ke neman hoton da za su sa a littafi, sai kuma wanda ya buɗe akwatin kakansa ya tarar da hoto ana ƙirga tsaba a kan tebur, ya zo yana cewa don Allah malam wace shekara ce wannan.

In hoto ya shigo ba kwamfuta muke fara kunnawa ba. Safar hannu tukuna, sai burushi mai laushi a kaɗe ƙura, sannan a juya baya domin sau da yawa akwai hatimin mai hoton ko rubutun fensir da ya kusa gogewa. Bayan nan a ɗora a sikana, hoton takarda ba ma yin ƙasa da 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, in dodon hoto ne kuwa, wato fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, sai an ninka sosai saboda ƙanƙantarsa. Kwafin farko ana adana shi yadda ya fito, da tabonsa da karcensa, duk gyara a kan kwafi na biyu ake yi. Kuma in ka buɗe kwalin dodon hoto ka ji wari mai tsami to fim ɗin ya fara lalacewa ke nan, a ware shi daga sauran a fara da shi.

Inda aikin yake da daɗi kuma yake da wuya shi ne gano lokaci. Mutane suna ganin shekara a jikin kwabo sai su ce shi ke nan an gama, alhali abin da kwabon ya faɗa maka kawai shi ne ba a ɗauki hoton kafin wannan shekarar ba. Kwabo yana iya shekara talatin yana yawo hannu zuwa hannu. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne liyari, kuɗin azurfan nan mai hoton sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya, ita ta rasu a 1780 amma aka ci gaba da buga shi da 1780 ɗin a jiki har ƙarni na ashirin, to ka ga wanda ya dogara da lambar zai ba ka shekarar da ko kyamara ba a ƙirƙira ba. Wani lokacin kuma kuɗin yana taimakawa ƙwarai. Kwabo mai huda na Afirka ta Yamma da aka buga a 1936 akwai mai sunan Edward na takwas, sarkin Ingila da ko shekara bai cika ba ya yi murabus, babu kansa a jiki saboda hudar tsakiya, suna ne kawai zagaye. Ranar da na fara karanto sunan nan a wani hoto da madubin ƙara girma wallahi sai da na kira yaran suka zo suka gani. Haka canjin kuɗi yake zama mana iyaka, Ingila ta bar lissafin sule da tsohon peni a 15 ga Fabrairu 1971, Najeriya ta koma naira da kobo a 1 ga Janairu 1973, to in ka ga allon farashi a bayan mutum da sule a rubuce ka samu bakin zare. Sai ka haɗa da irin takardar hoton, da tufafi, da motar da ta leƙo a gefe.

Hotunan da aka fi nema a buga manya su ne na Jamus a 1923, yara suna gina dala irin ta gyaɗa da ɗaurin takardun kuɗi, mace tana hura murhu da su, domin kuɗinsu, wato mak, ya karye har a watan Nuwamba na shekarar dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Amma a intanet ana cakuɗa su da na Hangare na 1946, musamman hoton mutumin da ke share kuɗi a titi da tsintsiya, nasu kuɗin pengo ne ba mak ba, kuma a watan Agusta na 1946 aka maye shi da forint. Ni ba na buga hoto da bayanin da aka turo min sai na zuƙo takardar kuɗin na karanta da idona. Hotunan nan suna taɓa ni gaskiya, kwabo a hannunka ba zai gaya maka halin da masu shi suka shiga ba, amma fuskar matar nan a gaban murhu ta faɗa.

Masu kawo kuɗin kansu a ɗauka kuma roƙona ɗaya ne, kar a wanke. Duhun nan da ke jikin tsohon kwabo masu tarawa suna so, in ka goge da wani abu ka karce shi kuma darajarsa ta faɗi. Haske daga gefe muke sa wa, ƙasa ƙasa, shi ke tada rubutun da ya suɗe. Filasha kai tsaye ba abin da take ba ka sai farin faifai.

Abin da ya fi damuna yanzu manhajojin nan masu gyara hoto da kansu. Na gwada wata a kan hoton da lambarsa ta dushe, ta fito da shi fes amma ta mayar da 3 ta koma 8, ta kuma ƙirƙiro haruffan da babu su. Da ban ajiye kwafin farko ba da kuskuren ya shiga littafin wani. Tun daga nan muka sa doka, muna cire tabo da karce da funfuna, amma rubutu da lamba da fuska ba a taɓawa, in bai karantu ba a bar shi a dushe, a rubuta wa mai shi cewa nan bai fito ba. Wasu ba sa jin daɗi, suna so ya fito kamar jiya aka ɗauka, nakan zauna in nuna musu kwafin biyun gefe da gefe kuma yawanci suna yarda.

Yanzu haka akwai wani a kan teburina, ma'aikacin banki ne da sikeli da buhunan tsaba a gabansa, danshi ya manne hoton da gilashin firam ɗin. Ba za mu ɓamɓare ba, don fuskar hoton za ta bi gilashi, ta cikin gilashin za mu ɗauka da fitila biyu a gefe don kar ya yi ƙyalli. Akwai rubutu a jikin buhu na biyu daga hagu, shi nake so in karanta.