Littattafai bakwai da ake cewa mun ƙara

Littafi Mai Tsarki na Katolika yana da littattafai 73, na Furotesta 66. Bakwai ɗin duk a Tsohon Alkawari suke: Tobit, Yudit, Hikima, Sirak, Baruk, da Makabiyawa biyu.

Mu Katolika ba mu ƙara komai ba. Suna cikin fassarar Helenanci da Kiristocin farko suke karantawa, kuma taron bishop-bishop na Kartej, wani birni a Arewacin Afirka, ya karɓe su a shekara ta 397 (Baruk a ƙarƙashin sunan Irmiya). Martin Luther, jagoran Furotesta na farko, ne ya ware su gefe a 1534.

Inda 'yan'uwa suke tuntuɓe: sai su jawo 2 Makabiyawa 12 don kare yi wa matattu addu'a, alhali mai jayayyar bai yarda da littafin ba. A fara warware tarihin jerin littattafan tukuna.