Daren da sukuru ya tauna sufana

Shekara tara na yi ina shugabantar masu aikin dare a wata masana'antar tatsar man waken soya da ke bayan garin Zariya. Cikin hunturu aiki ya fi zafi, motocin wake daga Saminaka da Giwa sun yi layi a bakin ƙofa, manaja kuma ba ya son jin inji ya yi shiru ko na minti goma.

Akwai wani dogon ƙarfe murɗaɗɗe da ke juyawa cikin kwararo yana tura wake zuwa injin matsa, muna ce masa sukuru. Ranar nan sukuru na biyu ya toshe tun da yamma. Baba, makanikenmu, ya kashe shi, ya rubuta "kar a kunna" a jikin kwali, ya maƙala a kan maɓallin. Wanda na karɓa daga hannunsa yana sauri ya samu motar Samaru, a tsaye muka yi sallama, bai ambaci sukuru ba, ni ma ban tambaya ba. Wajen uku da rabi na dare aka ɗauke wuta. Aka tayar da janareta, yaron da ke kan allo ya bi maɓallai kore guda shida a jere yana dannawa, kamar yadda yake yi duk dare. Kwalin ya daɗe da faɗuwa, fanka ta hure shi ƙarƙashin tebur. Baba ya zaro hannunsa ke nan zai gyara tocila sukuru ya tashi. Sufana mai lamba 17 da ya bari a ciki ta fito a lanƙwashe kamar lauje.

Da safe aka ce in kawo rahoto. Layi huɗu na rubuta, kalmar "sakaci" ta fito sau biyu. Aka ba yaron kwiri, aka dakatar da shi sati biyu ba albashi. Da zai tafi ya ce, "Oga, wallahi ban ga kwali ba." Na ce masa ido ne da shi ai.

Sati uku bayan haka aka sake ɗauke wuta gab da asuba. Ni da kaina na tsaya kan allon, ina sane sarai cewa sukuru na huɗu a buɗe yake ana wanke shi, don ni na ba da umarni. Hannuna ya bi layi, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sai da na ji ƙarar na tuna. Allah ya sa masu wankin sun fita alwala. Laifi tudu ne, an ce, to ranar na ga nawa.

Wani maƙwabcina a Tudun Wada da ke koyarwa a kwalejin horar da matuƙa jirgin sama na ba labarin, ina jiran ya yi min faɗa. Sai ya yi dariya ya ce wannan tsohon zance ne a wajensu. A Yaƙin Duniya na Biyu, matuƙan jirgin B-17 na Amurka sun riƙa naɗe tayoyi bayan sun sauka, jirgi ya zauna a kan cikinsa, ana ta rubuta musu laifi. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya ga makunnin taya da na fiffike kamarsu ɗaya, kuma suna kusa da juna. Aka sa wa na taya ɗan ƙaramin taya na roba, aka ba ɗayan wata siffa daban, yadda hannu zai gane ko ido bai duba ba. Matsalar ta kau. Ya ce, "Malam, aikin da ka maimaita sau dubu, hannu ne ke yin sa, kai kana wani wuri. Ga shi tsakanin uku zuwa biyar na dare jikin mutum ya fi kowane lokaci mutuwa." Ko ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shi ya sa na fara karanta labarin manyan haɗurra, kuma abin da ya tsorata ni shi ne yadda suke kama da namu. A 1988 dandalin haƙar mai na Piper Alpha a Tekun Arewa, kusa da Birtaniya, ya kama da wuta, mutum 167 suka rasu. Masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, masu aikin dare ba su ga takardar ba, suka kunna famfon. Kwalinmu ke nan, da sallamar tsaye. A tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka kuma, a 1979, fitilar allo ta nuna an aika wa bawul umarnin rufewa, ma'aikata suka ɗauka ya rufe, alhali a buɗe ya maƙale fiye da awa biyu.

James Reason na Jami'ar Manchester ya kwatanta matakan kariya da yanka-yankan cuku mai ramuka. Ni da zanar gida nake gane shi. Kowace zana da hudarta, amma in ka jera huɗu da wuya a hango tsakar gida, sai ranar da hudojin suka daidaita. A darenmu zanannin su ne kwali, sallamar canjin aiki, maɓallai masu kama ɗaya, da yaron da ya yi dare shida a jere. Mu kuma muka kama na ƙarshen muka hukunta, sauran ukun muka bar su yadda suke.

Abin da muka gyara bai ci kuɗin buhun wake biyar ba. Muka sayo kwaɗuna a kasuwar Sabon Gari, duk mai shiga inji ya kashe babban makunni, ya datse da kwaɗonsa, makulli na aljihunsa. In mutum uku ne, kwaɗo uku. Canjin aiki ya koma gaban injin, mai tafiya ya nuna da yatsa, mai karɓa ya maimaita da baki, irin yadda ma'aikatan jirgin ƙasa ke yi a Japan. Da farko dariya ake yi mana.

Ba duka ya tafi daidai ba. Cikin wata ɗaya na tarar an rataye makullan gaba ɗaya a ƙusa guda, wai don kar wani ya tafi gida da nasa. Baba da kansa ya fi kowa gardama. "Ɗana, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Na ce, "Haka ne Baba, amma ko babur ɗinka ba ka barin sa ƙofar masallaci ba kwaɗo." Bai amsa ba, washegari dai na ga kwaɗonsa a makunni.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne littafin da na ajiye don a riƙa rubuta abin da ya kusa faruwa amma Allah ya kiyaye, ba tare da suna ba. Wata huɗu ba ko layi ɗaya. Wa zai rubuta, bayan kowa ya ga abin da aka yi wa wanda ya faɗi gaskiya? Sai da na buɗe shafin farko na rubuta labarin sukuru na huɗu, na sa hannu da cikakken sunana, sannan rubutu ya fara shigowa. Na uku a ciki hannun yaron ne, na gane shi: murfin sukuru na biyar ba noti, da waya aka ɗaure.

Yanzu shi ke koya wa sababbi allo. Kuɗin sati biyun nan kuwa, sau biyu na rubuta wa ofis a mayar masa, har na bar wurin ba a mayar ba.