Asabar: wa yake gaya wa?

Yau babu makaranta, sai na koma barci bayan asuba har rana ta take. Wuta ta kwana, ruwan firji ya yi sanyi, Auta ta goge kayan makarantarsu duka tana 'yan waƙe-waƙenta. Baban yara ya tafi ɗaurin aure. Na dama fura, na zuba ta Kawu a kwanon shan nan mai marfi, na ce bari in leƙa shi bayan la'asar tunda ciwon ƙafarsa ya sake tashi.

Da murnata na tafi, don ina da abin da zan kai masa ban da fura. Kun san tun hutun da ya wuce na maƙale wa mawaƙan daular Tang ta ƙasar Sin, musamman Du Fu. Lissafin shekaru ne ya fara jan hankalina. An haife shi a 712, ya rasu a 770. Ke nan lokacin da yake yawo da iyalinsa yana gudun yaƙi, Halifa Mansur yana gina Bagadaza a 762, Hammadur Rawiya yana tattara ƙasidun Jahiliyya, Halilu ɗan Ahmad kuma yana Basra, wanda shi ya shimfiɗa ilimin aruli, wato ilimin ma'aunin waƙar Larabci. Waɗannan mutanen Kawu ne. Idan yana zancensu sai ka rantse jiya suka rabu. Na ce ai zai ji daɗi ya san cewa a zamaninsu, can ƙarshen gabas, akwai wani da yake auna baiti yana ƙirga gaɓa kamar yadda suke yi.

Na same shi a zaure, ɗalibai sun watse, saura yaro ɗaya yana naɗe tabarmi. Ƙafar tana kan matashi, warin man zafi ya cika wurin. Littafin Shu'ara, na waƙoƙin Larabawan dā, yana buɗe a gabansa, tsohon bugun nan mai rawayar takarda wanda gefensa ya cika da ƙananan rubutunsa na tawada. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya sha fura ya sa albarka.

Na fara masa da waƙar ƙauyen Shihao. A shekarar 759, bayan sojojin sarki sun sha kashi a hannun 'yan tawaye a garin Ye, Du Fu ya sauka a wani gida a ƙauyen don ya kwana. Cikin dare sai ga jami'i ya zo kamun mutanen da za a kai fagen fama. Tsohon gidan ya haura katanga ya gudu, tsohuwar ta fito bakin ƙofa. Mawaƙin yana ciki yana jin jami'in yana daka tsawa, ita kuma tana kuka tana bayani: 'ya'yanta uku duk suna bakin daga, ɗaya ya aiko da takarda cewa biyun sun mutu, babu wanda ya rage a gidan sai jika mai shan nono, uwarsa kuwa ko zane cikakke ba ta da shi da za ta fito. Sai ta ce a tafi da ita, ko da ta tsufa za ta iya dafa wa sojoji abincin safe. Da gari ya waye baƙon ya kama hanya, tsohon kaɗai ya samu ya yi wa sallama.

Kawu ya ajiye ludayi. Ya ce, "Ita tsohuwar ta dawo?"

Na ce, "Nan waƙar ta tsaya, Kawu."

Ya daɗe yana kaɗa kai, sannan ya ce, "Ya iya. Bai zagi jami'in ba, bai yi wa'azi ba, ya bar ka da ita. Wannan mawaƙi ne." Daɗi ya kama ni, don kun san ba kowa yake samun wannan shaidar daga bakinsa ba.

Sai na ƙara da ta biyu. Ƙarshen shekarar 755, bayan ya shafe kusan shekara 10 a Chang'an, babban birnin daular, yana neman aikin gwamnati, ya samu wani ɗan ƙaramin muƙami, sai ya tashi cikin tsananin sanyi zai je ganin iyalinsa a Fengxian. Ya bi ta gindin dutsen Li, inda Sarki Xuanzong da mutanensa suke hutu a fadar da ke kan maɓuɓɓugar ruwan zafi. A nan ne ya yi baitin da ya fi shahara da shi, cewa a gidajen manya nama da giya suna lalacewa, a bakin hanya kuwa ga ƙasusuwan waɗanda sanyi ya kashe. Yana isa gida ya ji kuka. Ƙaramin ɗansa ya mutu, yunwa ta kashe shi.

Fuskar Kawu ta canja.

"Ɗansa na cikinsa?"

"Na cikinsa, Kawu."

"Kuma ya rubuta cewa yunwa ce?"

"Ya rubuta. Har ya ce kunya ta kama shi a matsayinsa na uba, ya ce maƙwabta ma sun yi kuka."

Ya ce, "A'a, 'yar nan. Wannan kam bai yi ba. Ta farko shaida ya bayar a kan abin da aka yi wa wasu. Wannan kuwa tonon asirin gida ne. Uwar yaron fa, ya nemi izninta? Namiji ba ya kai yunwar gidansa kasuwa." Sai ya gyara zama ya rero baitocin Shanfara, mawaƙin Jahiliyya, na ƙasidarsa Lamiyya, yana fassarawa gaɓa gaɓa kamar yadda yake yi wa ɗalibai: mutum ya yi ta ja wa yunwa rai har ya kashe ta, ya kau da kai daga tunaninta, ya gwammace ya afa ƙasa a baki da wani ya gan shi a bukace ya yi masa gori. Ya ce, "Ga yadda ake zancen yunwa a waƙa."

Na ce, "To Hansa'u fa, Kawu? Ai ta yi ta kukan mutuwar ɗan'uwanta Sakhru a waƙa har duniya ta ji."

Ya ce, "Kuka ta yi, amma me ta lissafa? Kyautarsa, yankan da yake yi wa mutane idan sanyi ya shigo, yadda masu neman hanya suke koyi da shi kamar dutse mai wuta a kansa. Ɗaga shi ta yi. Kin taɓa jin ta ce tukunyarsu ta kwana a kife?"

Na yi shiru. Shi kuwa, da yake ba ya cin amanar ilimi ko da a kansa hujjar za ta faɗa, sai ya ce akwai wanda ya kamata in kawo ban kawo ba, mawaƙi Huɗai'a. Ya yi wa Zibriƙanu ɗan Badar zambo, Sayyidina Umar ya tsare shi. Daga inda yake tsare ya aika da baitoci yana tambayar Halifa me zai ce wa 'yan tsakin da ya bari a Zu Marakh, babu ruwa babu itace, an jefa mai nemo musu abinci cikin rami mai duhu. Sayyidina Umar ya tausaya, ya sake shi, ya kuma hana shi taɓa mutuncin mutane. Kawu ya ce, "Kin ga shi ya ambaci yunwar 'ya'yansa. Amma ya san wanda yake gaya wa, kuma ƙofa ta buɗe. Naki mutumin, wa yake gaya wa?"

Ana cikin haka aka kira magariba. Yaron ya kawo buta. Na ɗauki kwanona na yi sallama.

A cikin adaidaita sahu har gida tambayar nan take ta yi mini yawo a ka, har mai tuƙin ya wuce kwanarmu sai da muka juyo.

Idan sarki ake nufi, bai ji ba. Kafin shekarar ta fita An Lushan, wani babban kwamandan sojan sarki, ya yi tawaye, a 756 Chang'an ta faɗi, sarkin da kansa ya gudu Sichuan. Du Fu bai taɓa samun ƙofar da ta buɗe masa ta daɗe a buɗe ba. Yawancin tarin waƙoƙin da aka haɗa a zamaninsa ba su sa shi ba. A cikin jirgin ruwa ya ƙare rayuwarsa a yankin Hunan, da ciwo da talauci. Sai a 813 jikansa ya iya ɗauke gawarsa ya mai da ita kusa da kakanninsa, ya roƙi mawaƙi Yuan Zhen ya rubuta abin da za a sa a kabarin. Daga baya ne mutanensa suka ɗaga shi sama da kusan kowa, suna kiran waƙoƙinsa tarihi a waƙe, kuma kimanin 1,400 daga ciki sun kawo yau. To amma wannan bai ciyar da yaron Fengxian ba, kuma na san abin da Kawu zai ce ke nan.

Abin da magariba ta hana ni kai wa shi ne ƙarshen waƙar. Du Fu bai roƙi kowa komai a cikinta ba. Bayan ya ambaci ɗansa, sai ya ce shi fa ɗan gidan masu muƙami ne, ba ya biyan haraji, ba a kama shi zuwa yaƙi, to idan haka ta same shi, ina ga talakan da ya rasa gonarsa, ina ga sojan da aka jefa bakin iyaka? Ni a ganina shaida ce wannan ma, irin ta Shihao, sai dai a nan da abin da ya fi masa ciwo ya bayar da ita. Da ya tsaya a kan ƙasusuwan bakin hanya kawai, sai a ce mai wucewa ne yake ba da labari. Da ya sa nasa a ciki, ba mai iya cewa ƙari ya yi.

Amma ba zan iya cewa Kawu taurin zuciya gare shi ba, kuma a nan ne abin ya tsaya mini a wuya. Shekarar da Abba ya rasu ina da wayo. Na ga Umma tana ɗauke kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe a tsohon zane, dillaliya ta zo bayan isha ta karɓa. Da safe sai ta sake jera sauran, ta ɗan rarraba su don kada mai shigowa ya ga gurbi. Kawu kuma duk Juma'a idan ya taso daga masallaci zai shigo da 'yar jaka, ya ajiye a bayan ƙyaure, ya zauna a yi hirar duniya, ya tashi ya tafi. Bai taɓa cewa ga shi ba, Umma ba ta taɓa yin godiya a gabanmu ba. Ƙannena har yau ba su san an yi haka ba. Abin da ya faɗa mini yau a zaure, da shi ya rayu, kuma da shi muka tsira da mutuncinmu.

Sai dai a shekarar nan ɗin akwai gidan da ke bayan namu, su ba su da Kawu. Su ma sun rufa asirinsu sosai, matar tana fitowa tsaf da mayafinta a wanke. Yaronsu ya yi ta ramewa, gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura. Da ya rasu aka ce zazzaɓi ne. Kowa ya je ya yi gaisuwa, kowa ya amsa cewa zazzaɓi ne, har manyan da suka san ba shi ba ne. Rufin asirin da ya tsare mu, shi ya rufe wannan ma, kuma babu wanda ya taɓa faɗa ko a waƙa ko a magana. Tun ina ƙarama abin yake cina, sai yau ya dawo mini sabo.

Tambayarsa a kan uwar yaron kuwa tana nan daram. Du Fu ya ambaci matarsa da ƙauna a waƙoƙi da yawa, har da wadda ya yi a 756 yana tsare a Chang'an yana tunanin tana kallon wata ita kaɗai a Fuzhou. Amma muryarsa ce muke ji. Na sa kaina a matsayinta, na kasa cewa zan yarda, na kuma kasa cewa zan hana.

Baban yara ya dawo da gajiya. Na ba shi labari a kan tuwo, ya ce Kawu ne da gaskiya, ya nemi ƙarin miya. Auta ta yi barci ba ta yi aikin gida ba. Wuta ta tafi wajen ƙarfe 9.

Ranar Talata ni zan raka Kawu a duba ƙafar, kuma na san layin yana da tsawo. Zan karanta masa ƙarshen waƙar Fengxian, sannan in ƙara masa da ta bukkarsa ta Chengdu, ta shekarar 761, lokacin da iskar kaka ta yaye ciyawar rufin, yaran ƙauye suka kwashe suka gudu yana kira ba su waiwayo ba, ruwa ya yi ta zuba a kan gado, tsohon bargon ya yi sanyi 'ya'yansa sun yage cikinsa da shure-shure. A ƙarshe ya yi fatan a sami wani makeken gida mai ɗakuna dubbai da zai ɗauke duk matalautan masu ilimi na duniya, ko da shi kaɗai bukkarsa za ta rushe sanyi ya kashe shi. Ina so in ji ko wannan ma Kawu zai kira ta tonon asiri.